Maki Ukun Baban Famfo

Shekara ashirin da tara ya yi yana gyaran famfo a babban asibitin garin, har mutane suka manta da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Baban Famfo ake ce masa, tun daga kan babban likita har mai shara. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar faranti, kuma akwai wata tsohuwar sifana da ba ta barin aljihunsa na baya, wandunan da ta huda masa sun fi a ƙirga. In kana nemansa kada ka ɓata lokacinka a ofis. Ka bi matakalar da ke bayan ɗakin wanki ka sauka ɗakin ƙasa, inda bututun ruwan asibitin kaf suka haɗu suka sarƙe da juna. A can za ka same shi zaune a kan bokitin da ya kife, yana sauraron ruwa.

Sauraro kuwa na gaske. Yakan ɗora bakin sifana a jikin bututu, ya manna kunnensa a ɗaya bakin, ya lumshe ido, can sai ya ce, "Bayin ɗakin maza, hawa na biyu, na uku daga ƙofa." A je a duba a tarar yana yoyo. Taswirar ginin ta daɗe da lalacewa, tun wata shekara da ruwa ya shiga sito ya jiƙa takardu. Saboda haka duk inda bututu ya bi, da inda ya karkata, da bawul ɗin da ke tsayar da shi, a kan mutum ɗaya suke. Ya san ginin nan kamar yunwar cikinsa. Ba shi da girman kai, amma in dai maganar ruwa ce, ko babban likita ba ya ja da shi.

Karatu ne bai samu ba. Aji uku ya yi a firamare, mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka cire shi aka kai shi wurin wani mai gyaran famfo ya koyi sana'a. Ya san haruffa, yana iya sa hannu a takarda, yana kuma karanta lambar da ke jikin bututu. Turancinsa na baki bai wuce na gaisuwa ba. Duk shekarun nan abin bai taɓa hana shi barci ba, don famfo ba ya tambayar mutum takardar makaranta.

Sai aka kawo sabuwar shugabar ma'aikata, wata doguwar mata mai gilashi, wadda ba ta son jin "ai haka muka saba." Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Ta zo ta tarar ana gyara ba a rubutawa, in mutum ya tafi ya tafi da komai a kansa. Ta tara masu sana'ar hannu duka, da mai gyaran wuta da kafinta da magini da shi Baban Famfo, ta ce daga yanzu kowane gyara sai an rubuta rahotonsa da Turanci. Ta ba su wata shida su shirya, daga nan a yi jarrabawa. Wanda ya samu maki hamsin ya zauna, wanda ya gaza a sallame shi a ɗauko mai takarda.

Ranar ya koma gida jiki a sanyaye. Matarsa, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ko na minti ɗaya, ta ajiye masa ruwa ta ce, "Baban yara, wa ya mutu?"

Ya kwashe labari ya gaya mata.

Ta yi tsaki. "Shekara hamsin da shida a duniya za ka koma aji? Ka je ka roƙi babban likita ya sa baki. Famfon gidansa sau nawa ka gyara?"

"Ban taɓa roƙon aiki ba, ba zan fara da furfura ba," in ji shi. "Turancin nan ba mutane suka yi shi ba? Ginin nan cike yake da masu karatu. Zan tambaya."

Haka ya tsiro da dabarar da aka daɗe ana labarinta a asibitin: kowane gyara, tambaya ɗaya. In ya gama ɗaure famfo ya goge hannu, maimakon ya amsa godiya ya wuce, sai ya zaro ɗan littafi da biro ya ce, "Sista, ladana." Da farko ma'aikatan jinya suka ɗauka wasa yake yi. Da suka ga har da ƙasa yake zama ya rubuta, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya, suka daina dariya.

Tambayarsa ta farko babbar sistar ɗakin haihuwa ya kai wa, wata dattijuwa mai faɗa da tausayi, wadda suka fara aiki shekara ɗaya. Ya ce ta rubuta masa sunan sana'arsa. Ta rubuta plumber. Ya karanta, ta gyara masa, ya sake karantawa, ta sake gyarawa, ta ce harafin b ɗin nan ba a furta shi.

"To me yake yi a wurin?"

"Yana nan dai."

"Ba ya aiki, kuma ba a kore shi ba?" Ya girgiza kai. "Lallai yana da uwa a ofis."

Sistar ta yi dariya har da riƙe ciki, kafin azahar maganar ta zagaye asibiti.

Daga nan tambaya ta ɓarke ba kama hannun yaro. Me ya sa kwalin kayan gyara na wannan kamfani ya ce tap, na wancan ya ce faucet, alhali famfon ɗaya ne? Mai haɗa magani ya ce masa ai Turawan ma gari-gari ne, kowa da bakinsa. Me ya sa rufe ƙofa daban, rufe famfo daban? Me ya sa in abu ya faru jiya sai kalmar ta sake riga, wata ta ƙara wutsiya, wata kuma ta canza kama gaba ɗaya? Ya taɓa ritsa wani matashin likita da wata tambaya a bakin wurin wanke hannu, likitan ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, wallahi haka kawai ake faɗi." Baban Famfo ya dube shi ya ce, "Ashe ku ma lalube kuke yi." Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa fiye da duk wata amsa da ya samu.

Matsalar ita ce littafin. Mutumin da ke yini cikin ruwa ba ya ajiye takarda a aljihu ta kwana lafiya. Littafi na farko ya faɗa cikin tanki. Na biyu ya jiƙe da gumi da ruwan bututu har tawada ta narke. Na uku matarsa ta wanke shi tare da wando, ta kuma ce laifinsa ne. Wata biyu na tambaya ya tafi a banza, ga kan tsoho ba ya riƙe abu kamar na da.

Wata safiya yana zaune a kan bokitinsa a ɗakin ƙasa, ransa a ɓace, idonsa ya faɗa kan ragowar farin fentin da magini ya bari a lungu. Ya samo siririn burushi. Kalmar da ya koyo ranar, ta ruwan zafi ce, sai ya je jikin bututun ruwan zafi ya rubuta ta da manyan haruffa. Washegari da ya sauko, ga ta nan tana kallonsa, ba ta jiƙe ba, ba ta ɓata ba. Ya karanta ta da ƙarfi, ya ji daɗi har cikin ransa.

Tun daga ranar kowace kalma a kan abinta take kwana. Bawul ya samu sunansa, tanki ya samu nasa, haka injin tura ruwa. Da kalmomi suka ƙare masa sai ya koma jimla. A jikin wannan ya rubuta cewa ɗakin tiyata yake zuwa. A jikin wancan, a rufe shi kafin a taɓa na kusa da shi. Wani kuma, kada a murɗa da ƙarfi, tsoho ne. Kowace jimla sai ya kai wa sista ko likita sun duba kafin ya sa mata fenti, don ya ce abin da zai zauna a bango ba a yi masa gaggawa. Kafin wata biyar, bawul arba'in da uku da ke ɗakin nan babu wanda ba shi da bayani, har da kibiya mai nuna inda ruwa ya dosa.

Da ya ba matarsa labari yana washe baki, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baban yara, kana da wayo kuwa? Abin da ya riƙe ka a wurin nan shekara da shekaru shi ne abin da ke cikin kanka. Yanzu ka zazzage shi a bango, kowa ya zo ya ɗiba."

"Karatu nake yi, maman yara."

"Karatu kake yi, kana kuma share wa wani wurin zama."

Ya san ba ƙarya ta faɗa ba. Amma washegari ya sauka ya ci gaba da rubutunsa.

Ranar jarrabawa ya sa sabuwar riga, ya bar sifana a gida. Aka zaunar da su a ɗakin taro, aka raba takarda. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu bututu, babu tanki, babu yoyo. Cewa aka yi ya rubuta wa abokinsa wasiƙa ya ba shi labarin hutun da ya yi a bakin teku. Shi da bai taɓa ganin teku ba, hutun ma in ya ɗauka a gyaran famfon maƙwabta yake ƙarewa. Gumi ya karyo masa. Ya yi ta maza ya rubuta abin da ya sawwaƙa, rabin wasiƙar a kan yadda famfon masaukin yake ɗiga.

Arba'in da bakwai ya samu. Maki uku suka raba shi da aikin shekara ashirin da tara.

Shugabar da kanta ta miƙa masa takardar sallama, ta ce ba ta ji daɗi ba, amma doka ɗaya ce ga kowa. Bai roƙe ta ba. Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe," ya sauka ɗakin ƙasa ya haɗa kayansa. Mai gyaran wuta, abokinsa na shekaru, wanda shi ma aka sallama, ya biyo shi da gwangwanin baƙin fenti a hannu.

"Mutumina, ungo. Shafe shi kaf. Su kawo mai takardar tasu mu ga ta inda zai fara."

Baban Famfo ya karɓi gwangwanin. Zuciyarsa tana tafasa, kuma in an ce bai so shafewa ba an yi ƙarya. Ya tsoma burushi, ya ɗaga hannu a kan bututun farko da ke gabansa. Na ɗakin jarirai ne. Ya tsaya yana kallon rubutun, fenti yana ɗiga a kan takalminsa. Can ya mayar da burushin cikin gwangwani ya ce, "Jariran nan ba su suka ba ni arba'in da bakwai ba." Ya rufe ƙofa, ya kai wa sabon mai famfo makulli, wani magidanci mai natsuwa da ya zo da takardunsa cikin jaka.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Cikin mako guda ya kwance duk famfon gidan ya mayar, har waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ya koma na maƙwabta. Matarsa ta ce in ya sake taɓa na kicin ɗinta za su raba hanya. Da yamma yakan zauna a ƙofar gida ya yi jugum, in ya ji ƙarar ruwa a ko'ina sai ya ɗaga kai.

A mako na uku, wata Talata da hantsi, babban bututun da ya ratsa silin ɗakin jarirai ya fashe. Ruwa ya fara zuba a tsakanin kwalaben da ake sa bakwaini, ga wayoyin wuta shimfiɗe a ƙasa. Ma'aikatan jinya suka ruɗe, masu kwasar jarirai na yi, masu tara bokiti na yi. Sabon mai famfo ya sauka ɗakin ƙasa da gudu. Bawul arba'in da uku, in ya rufe wanda ba shi ba ya yanke wa ɗakin tiyata ruwa ana tsakiyar aiki. Ya haska tocila, ya bi rubutu da kibiya, ya rufe na kusa tukuna kamar yadda bango ya ce, sannan ya murɗa tsohon a hankali. Cikin minti huɗu ruwa ya tsaya, ba jaririn da ko ƙwarzane ya samu.

Babbar sista ce ta buga wa Baban Famfo waya ta ba shi labari. Ya saurara har ta gama. Abu biyu suka cika masa ƙirji lokaci guda, bai san wanda zai fara ji ba. Rubutunsa ya yi aiki, Turancin da ya tsinto kalma-kalma wani ya karanta ya gane, wannan ya sa shi alfahari har idonsa ya kawo ruwa. Amma kuma an yi babbar fashewa a gininsa, ba wanda ya neme shi. Matarsa tana tsaye tana jin komai. Ba ta ce "ai na gaya maka" ba, ta shige ɗaki, kuma shirun nata ya fi masa ciwo.

Abin da bai sani ba shi ne, da shugabar ta kira sabon mai famfo ta yaba masa, mutumin cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, ba ni ba ne. Zo ki gani." Ta bi shi ta sauka matakalar da ba ta taɓa takawa ba. Sai da ta yi kusan awa guda a ɗakin ƙasa, tocila a hannu, tana bin bututu ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Ta fito da yanar gizo-gizo a ɗankwali, ta ce a nemo mata Baban Famfo.

Da ya zo ta miƙe tsaye ta ba shi kujera. Ta ce, "Baba, ni rahoto nake nema, ashe ka rubuta wanda ya fi na kowa, a inda ban duba ba. Ka dawo bakin aikinka, ku yi tare da sabon. Jarrabawar na yafe maka."

Wani da gudu zai karɓa. Shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Ranki ya daɗe, na gode. Amma kin ce doka ɗaya ce ga kowa, kuma abokina mai gyaran wuta yana zaune a gida. In na shigo ta taga, da wane ido zan kalle shi? Ki sa mana rana, ni da shi da duk wanda ya faɗi. Maki ukun nan nawa ne, ban bar wa kowa ba."

Ta cire gilashi ta dube shi. "In ka sake faɗuwa fa?"

"Sai in tafi gida da ƙafata."

Ta sa wata uku, ta ce ya riƙa zuwa aiki kafin lokacin. Da labari ya isa gida matarsa ta yi masa wankin babban bargo. Ta ce an ba shi a hannu ya zubar, ta ce ba ta taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba, ta ce ita dai ta auri dutse. Da ta gaji da faɗa, ta fita ta sayo masa littafi mai bangon roba.

A wata ukun nan tambayarsa ta fita daga bututu. Ya tambayi likitoci yadda ake gaida aboki a wasiƙa. Ya sa wata sista da ta taɓa zuwa teku ta ba shi labarinsa da Turanci, a hankali, sau uku. Ya koyi kasuwa da tafiya da ruwan sama da rashin lafiya. Duk abin da ya samo da rana, da yamma ya biya gidan mai gyaran wuta su raba, tsofaffi biyu a kan benci suna musu a kan harafi. Sabon mai famfo ya zama malaminsa na kullum, shi kuma yana koya masa sauraron ruwa da sifana. Ranar jarrabawa ya shiga, ya zauna, ya rubuta har aka ce a ajiye biro.

Bayan kwana goma aka liƙa sakamako a allon sanarwa na bakin ofis. Ya taho daga gyara, hannu duk maiƙo, ya tarar mutane sun yi cincirindo. Da suka gan shi suka dare. Babbar sista ta matso za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"Bari, Sista. Ni zan karanta."

Ya goge yatsa a wando, ya ɗora shi a kan takardar, ya bi layi-layi. Ya fara cin karo da sunan mai gyaran wuta, hamsin da ɗaya, ya yi hamdala. Layi biyu a ƙasa ga nasa sunan na yanka, wanda ya yi shekaru bai ji an kira ba. Hamsin da huɗu. A gefe akwai jimla guda da Turanci. Ya bi ta kalma-kalma, leɓɓansa suna motsi, har ƙarshe, kuma ya gane abin da ta ce: ya ci, ya ci gaba da aikinsa.

Wurin ya kaure da tafi. Shi bai ji ba. Ya tsaya da yatsa a kan takardar, hawaye suna bin gemunsa, bai kuma ɓoye ba. Mutum ne da aka cire daga aji uku, yau ga shi ya karanta hukuncin kansa da idonsa, ba wanda ya fassara masa. Ya lalubo waya ya kira gida.

"Maman yara, na ci. Hamsin da huɗu."

Can ya ji tana jan hanci.

"Wa ya karanta maka?" ta ce.

"Ba kowa."